Lambar Mai Kawo Labari

Ranar Alhamis ce, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Mai Hatimi ta turo ƙofar ɗakina ba ko sallama, ta ce, "Injiniya, fito. Ga wata matacciya can a benci tana son ganinka."

Ban ko ɗago kai ba. Shekara takwas muna aiki tare a ofishin rajistar haihuwa da mutuwa, ita a gaba wajen kanta tana buga hatimi tana faɗa da jama'a, ni a ƙuryar baya tare da babbar na'ura da wata fanka da ta fi iska yawan ƙara. Na san bakinta sarai. Na ce ta gaishe mini da matacciyar, ta ce mata ina da aiki.

"Ba wasa nake ba," in ji ta. "Na'urarka ce ta kashe ta, sai ka zo ka yi mata bayani da kanka. Ni na gaji da ba wa gawa haƙuri."

Tsohuwa ce siririya, tana zaune a miƙe a ƙarshen bencin, jakarta a kan cinya, hannuwanta biyu a kan jakar. Idanunta duka biyun sun yi fari da yana. Wata mata da ba za ta wuce shekara talatin da biyar ba tana tsaye a gefenta, ita ce ta yi magana. Ta ce wannan surukarta ce, uwar mijinta marigayi, malamar makaranta ce da ta yi ritaya. An sa musu ranar Laraba mai zuwa za a yi mata aikin ido. Jiya sun je asibiti a duba katinta na shaida, kwamfutar asibitin ta ce mai wannan lambar ta rasu. An ce musu in ba a gyara ba kafin Talata za a ba wani gurbinta, kuma likitan da ke wannan aikin sau ɗaya yake zuwa a shekara.

Na karɓi katin. An naɗe shi a leda, an sake sa ledar a wata ledar. Na koma ɗaki na buga lambar, sai ga shi kuwa: ta rasu wata goma sha shida da suka wuce, ranar Asabar, a asibiti, ciwon zuciya. Na fito na karanta musu ranar, ina shirin cewa ai kuskuren masu shigar da bayanai ne, don dama su nake shafa wa kowane laifi.

Tsohuwar ta juyo da fuskarta wajen muryata. Ta ce, "Wannan ranar ɗana ce."

Surukar, wato matar ɗan, ta ba ni lambar mijinta da ka. Na koma na buga. Yana raye, in ji na'urar, katinsa ma ya kusa ƙarewa. Na tsaya ina kallon allon, fankar tana ta ƙara a bayana. Na fito na ce su dawo Litinin, za a gyara. Na faɗa da ƙarfi, irin ƙarfin wanda bai san abin da zai gyara ba.

Duk takardar da ofishinmu ya cika a tsohon tsari tana ajiye a fayil na XML, wani salon rubutun kwamfuta, kuma akwai fayil guda da ke faɗin yadda kowace takarda za ta kasance: wane gurbi ne zai zo, a ina, me za a zuba a cikinsa. Shi muke kira sikima. Wanda ya rubuta tamu shi ne Babban Injiniya, mutumin da ya koya mini aiki, wanda na gaji kujerarsa da fankarsa. Ya rasu 'yan watanni kafin mu koma sabon tsari. Yana da rai ya ce kwashe tsofaffin takardun zuwa sabuwar na'ura aikin wata uku ne. Ni kuwa na yi shi a kwana tara, na kuma tabbatar kowa a ofishin ya ji. Har Shugaba ya kira ni gaban ma'aikata ya dafa kafaɗata. Na ji daɗi ranar, ba zan ɓoye ba, har da wani ɗan daɗi marar kyau na cewa na fi marigayin.

Na buɗe ainihin fayil ɗin takardar mutuwar, ina fatan in ga yatsan wani magatakarda ya zame. Ba abin da ya zame. Lambar ɗan tana wajen mamaci. Lambar uwar tana can ƙasa, wajen wanda ya kawo labarin rasuwar. Magatakardan ya yi aikinsa tsaf. A hanya aka yi musaya, kuma ba wanda ya shimfiɗa hanyar sai ni.

Sai na yi abin da ya kamata in yi tun wata goma sha huɗu da suka wuce, na buɗe sikimar na karanta ta da idona, layi bayan layi.

Gurabe iri biyu ne a sikima. Akwai waɗanda aka ajiye a sama, kai tsaye ƙarƙashin tushen fayil ɗin. Su Babban Injiniya yake kira na tsakar gida, don kowace takarda tana iya kiransu ta yi amfani da su. Akwai kuma waɗanda aka ƙirƙira a cikin wani gurbin, na cikin ɗaki, ba su da ma'ana sai a ɗakin da suke. Ba laifi ba ne na tsakar gida da na cikin ɗaki su yi suna ɗaya, don mazauninsu ne ke raba su. A tamu akwai gurbin lamba a tsakar gida, shi ne lambar mai takardar, jariri ko mamaci. Sai kuma a cikin ɗakin mai kawo labari, ga wani gurbin, shi ma sunansa lamba.

Manhajar da na rubuta don kwashe takardun ba ta taɓa tambayar gurbi inda yake zaune ba. Suna kawai take dubawa. Ta tattara sunayen a jeri guda, kowane suna wuri ɗaya, in ta ci karo da suna sau biyu sai na biyun ya hau kan na farko ya shafe shi. A takardar mutuwa lambar mamaci ce ke fara zuwa, ta mai kawo labari ta biyo baya.

A saman layin lambar mai kawo labari, Babban Injiniya ya bar rubutu irin wanda muke barin wa juna a cikin fayil, wanda na'ura take tsallakewa, mutum kaɗai ke karantawa. Ya rubuta: "Wannan lambar ta mai kawo labari ce, ba ta mamaci ba. Wanda zai kwashe takardu ya kula." Na karanta da muryarsa, da ɗan tarin da yake yi kafin ya gyara maka kuskure. Sai da na waiga na dubi ƙofa. Rana tsaka ce, ana jin Mai Hatimi tana yi wa wani tsawa ya shiga layi, amma na kasa zama a kujerar nan. Na tashi na ƙarasa karatun a tsaye.

Gyaran bai kai komai ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Sai ka tambayi kowane gurbi, a ƙarƙashin wa kake kai tsaye? In ya ce tushe, na tsakar gida ne. In ya ambaci wani gurbin, na cikin ɗaki ne, sai ka haɗa sunansa da sunan ɗakin don kada ya ruɗe da wani. Na rubuta haka na gwada, sai lambar mamacin ta ɓace gaba ɗaya. Na sake dubawa, ashe a cikin takardar mutuwa ba a ƙirƙiri gurbin mamacin ba, nuni kawai aka yi zuwa na tsakar gidan. Don haka akwai tambaya ta biyu: kai ne da kanka, ko nuni kake yi da wani? In nuni ne, ka bi yatsan har inda ya nuna. Layi goma sha biyu duka-duka, na gama kafin shayina ya huce.

Ranar Juma'a na sa manhajar ta ƙirga mini waɗanda abin ya shafa, ba tare da ta taɓa komai ba. Mutum sittin da ɗaya. Da farko na yi mamakin da ba su fi haka ba, sai na gane dalili. Gurbin lambar mai kawo labari sabo ne, kuma ba dole ba ne a cika shi. Yawancin mutane suna zuwa ne cikin ruɗewa, ba kati, ba komai, a rubuta sunansu kawai su tafi. Waɗannan ba abin da ya same su. Waɗanda na kashe su ne masu kula, waɗanda ko a ranar da suka binne nasu sai da suka tuna suka ɗauko kati.

Na buga jerin a takarda na kai wa Shugaba. Ya karanta, ya cire gilashinsa ya goge, ya mayar. Ya ce, "Wa ya sani?"

"Ni da kai, ranka ya daɗe. Mai Hatimi kuma ta sha jinin jikinta."

"To ta ci gaba da sha. Ka gyara duka a lokaci ɗaya kafin Talata, ba sai an yi shela ba."

Na tafi gida da jerin a aljihu. Asabar da Lahadi ban yi wani abin kirki ba. Matata ta aike ni sayen madara, na tsaya a shagon ina kallon mutumin da ke gabana, wani dattijo mai fararen takalma, ina tunanin ko shi ne na goma sha bakwai. A cikin sittin da ɗayan, tsohuwar nan kaɗai ta zo. Sauran suna nan suna yawo a gari, suna hawa mota, suna kai yara makaranta, ba su san komai ba. Wataƙila wasu sun mutu da gaske a tsakanin, 'yan uwansu sun zo kai rahoto an ce musu ai an riga an rubuta. Sannan ga wasu sittin da ɗayan a ƙarƙashin ƙasa, da na'urata take lissafa su cikin masu rai. Matata ta tambaye ni ko ba ni da lafiya, na ce kaina ne ke ciwo.

Litinin da safe suka dawo. Wannan karon na shigo da su ɗakina, na ba tsohuwar kujerata, na kashe fankar don ta ji ni. Na gaya mata gaskiya. Na ce laifina ne, ba na magatakarda ba, ba na asibiti ba. Na ce yau zan gyara, gobe katinta zai yi aiki.

Ta saurara har na gama. Sai ta ce, "Ɗan nan, in ka tashe ni, shi fa?"

"Zai koma inda ya kamata, Inna."

"Wato ka kashe shi."

"Inna, ai ya riga ya…"

"Na san ya riga. Ni na rufe masa ido, da hannu na lalubo." Ta buɗe jakarta ta fito da wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi. "Wannan tasa ce. Watan jiya ofishinku ya aiko masa da saƙo. Karanta masa, 'yar nan."

Surukar ba ta karɓi wayar ba. Ta kalli bango ta ce, "An ce katinsa ya kusa ƙarewa, ya zo ya sabunta. Sau nawa zan karanta, Inna? Kullum sai na karanta."

Na san saƙon. Ni na rubuta shi, na'ura ke aika wa duk mai rai in lokacinsa ya yi. Ban taɓa tunanin inda yake sauka ba.

"Karanta mini abin da ke gabanka," in ji tsohuwar. "Nasa."

Na buga lambarsa na karanta mata sunansa, ranar haihuwarsa, sana'arsa. Na zo layin ƙarshe na tsaya.

"Ƙarasa mana."

"Yana raye."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce, "Kwana uku yana kwance a asibitin nan, kwana ukun ina roƙon a ɗauke ni a bar shi. Ni me ya rage mini? Ido ya tafi, gwiwa ta tafi. Shi yana da 'ya'ya uku. Ba a karɓa ba, kuma ban yi jayayya ba, Allah ya fi ni sani. Sai ga shi wuri ɗaya a duniyar nan an rubuta yadda na roƙa. Ka bar shi haka."

Na ce mata ba za a yi aikin idon ba in na bari. Ta ce ta sani. Na ce likitan sai baɗi. Ta ce shekara huɗu tana cikin duhun nan, ta san inda kowace kujera take. Raina ya fara ɓaci, don ni mutum ne mai saurin hawa, kuma ba abin da ke tunzura ni kamar in kawo gyara a ce ba a so. Na buɗe baki zan ce mata wannan ba addu'a ba ce da aka amsa, ganganci ne na wani wawa da ya ƙi karanta layi ɗaya. Na dubi hannuwanta a kan wayar, sai na fasa.

"Ka ji ni?" in ji ta.

Na ce, "To, Inna."

Surukar ta kai ta benci ta zaunar, ta dawo ta tsaya a bakin ƙofata. Ta yi ƙasa da murya. "Malam, ka gyara. Ni ke kai ta banɗaki, ni ke cire mata ƙaya a kifi. Satin da ya wuce ta zuba ruwan zafi a ƙafarta. Ba gajiya na yi ba, wallahi uwa ce a gare ni. Amma Inna ba ta taɓa ganin fuskar ƙaramar 'yarmu ba. Kuma ni ma ina so a daina aiko masa da saƙo."

Bayan sun tafi na zauna na nemi wata hanya. Na so in tashe ta in bar shi shi ma a raye. Ba ya yiwuwa. Takardar mutuwa guda ce, dole ta hau kan mutum ɗaya, in kuwa na goge ta gaba ɗaya na tashi daga mai kuskure na zama maƙaryaci. Na so in gyara sittin in bar guda, sai na tuna ƙafar da ruwan zafi ya ƙona. Mai Hatimi ta leƙo ta ce ko ta kawo mini abinci, yau ba ta da bakin tsiya. Na ce a'a.

Ƙarfe uku da 'yan mintuna na danna. Bai ɗauki daƙiƙa biyar ba. Lambobi suka gudu a allon, mutum sittin da ɗaya suka dawo, mutum sittin da ɗaya suka tafi. Na yi musu addu'a a raina, su na biyun, ban san me ya sa ba, na ji kamar ban kyauta ba in na bar su suka wuce ba wanda ya ce komai.

Surukar ta kira ni ranar Laraba da yamma ta ce an yi aikin ido ɗaya, an dace. Ta ce ta gaya wa Inna cewa asibitin ne suka yi mata alfarma ba tare da kati ba. Na ce madalla. Na yi murna da gaske, na kuma yi fatan kada in sake ganinsu.

Bayan sati uku, ina cikin aiki, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Tsohuwar ce, ita kaɗai, da baƙin gilashi a fuska, ba mai riƙe mata hannu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ashe yaro ne kai. Muryarka ta fi ka tsufa." Ta ce ta biyo ne daga asibiti, ta gudo wa surukarta. Ta ce, "Buɗe mini shi. Ranar nan da kunne na ji. Yau ina so in karanta da kaina."

Da na iya cewa na'urar ta lalace. Da na iya cewa doka ta hana. Duk sun zo mini a baki. Na ja mata kujerar, na buga lambar, na ƙara girman rubutun.

Ta cire gilashin ta matso da fuskarta. Ta sa yatsa a ƙarƙashin layin farko, irin yadda ta shekara talatin tana koya wa yara, tana bi kalma bayan kalma, leɓɓanta suna motsi. Sunansa. Ranar haihuwarsa. Sana'arsa. Yatsan ya sauko layin ƙarshe ya tsaya.

Ta daɗe a wurin. Ina jin bugun hatimi daga can gaba, ɗaya bayan ɗaya.

"Ka ce mini to," in ji ta.

"Na ce, Inna."

Na jira ta zage ni, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ba ta ko juyo ba. Idonta ya riga ya bar rubutun ya koma gefen allon, inda ƙaramin hoton katinsa yake, wani mutum mai faɗin goshi da ya ɗan karkata kai kamar an kira shi daga gefe.

"Ya yi furfura," ta ce. "Ba wanda ya gaya mini ya yi furfura." Ta kai yatsa ta taɓa gefen kansa. Ruwa ya fara zubo mata daga idon da aka gyara, ta share da sauri da gefen mayafi don kada ya tare mata gani. "Ranar da aka rufe shi ban ga komai ba. Kada ka kashe wannan abin. Bar mini shi a buɗe."

Na ƙara girman hoton har ya cika allon. Na fita na ja mata ƙofar, na je na zauna a bencin cikin masu jira. Mai Hatimi ta dube ni ta saman gilashinta, ta kira na gaba.